Sana'ar zagayawa da baƙi a baje kolin zane-zane

Duk lokacin da aka buɗe baje kolin zane-zanen zamani a Abuja, mutum iri biyu ne ke cika zauren. Akwai waɗanda suka san abin da ya kawo su: dillalan zane, ma'aikatan ofisoshin jakadanci, da attajirai masu neman abin da za su rataya a falo. Sai kuma mafi yawa, waɗanda gayyata ko Instagram ya kawo. Su kan ratsa rumfuna cikin gaggawa, su ɗauki hoto a gaban zanen da ya fi girma, su fita ba su san me suka gani ba. Saboda waɗannan na biyun na kafa ɗan kamfanina. Aikinmu biyu ne: zagayawa da baƙi muna yi musu bayani da Hausa ko Turanci, da shirya zaman tattaunawa inda masu zane ke zama gaban jama'a ana yi musu tambayoyi.

Aikin yana farawa tun ranar da ake kafe zane a bango, ana jan tsani, ana buga ƙusa, ana gyara fitilu. A ranar muke shiga ni da yarana, mu bi rumfa-rumfa mu sami mai zanen ko wakilinsa. Da me ka yi wannan, fentin mai ko gawayi? Wannan jan, fenti ne ko jar ƙasa ka niƙa? Me ya sa ka bar wannan kusurwa fayau? Ban yarda yarona ya buɗe baki a kan wani zane gaban baƙi ba sai ya tsaya a gabansa shi kaɗai, ya kuma ji daga bakin wanda ya yi shi.

Daga cikin ɗaruruwan ayyukan da aka baje, takwas ko goma kawai muke zaɓa. Wasu baƙi su kan yi ƙorafi da farko, wai sun biya kuɗi don su ga komai. Amma nuna wa mutum komai daidai yake da a kai shi kasuwar Wuse a ce sai ya leƙa kowane shago, kafin ya kai layi na uku idonsa ya daina gani. Ayari kuma ba ya wuce mutum goma sha biyu, don na baya ya ji ba sai an ɗaga murya ba. Har tsayuwa ma ilimi ce. Jagora ba ya tare hasken fitila, ba ya juya wa zane baya gaba ɗaya, kuma idonsa ɗaya yana kan hannun babbar riga da jakar hannun mata, domin su ne suka fi ture sassaƙa daga kan mazauninta. Yara 'yan makaranta kuwa zaunar da su muke a ƙasa, hannuwa a cinya, sai ka ga sun natsu.

A Jos na koyi wannan. Gidanmu ba shi da nisa da gidan tarihi, wanda Bature mai binciken kayan tarihi, Bernard Fagg, ya buɗe a 1952, kuma ina 'yar sakandare nakan je hutu in yi ta bin wani dattijo ma'aikacin wurin, Allah ya jiƙansa, yana zagayawa da baƙi. Idan ya kai su gaban kawunan Nok, wato tsofaffin kawunan yumɓu da aka tono daga ƙasa, sai ya yi shiru, ya harɗe hannu a baya. Ni kuma bakina na ƙaiƙayi, ina so in faɗi abin da na haddace, cewa masu haƙar kuza ne suka fara tono su a 1928. Sai ya ce mini, "'Yata, bari su gama kallo tukuna. In kin riga idonsu magana, kunnensu kawai za su tafi da shi." Sai wani baƙo ya tambaya me ya sa ƙwayar idon take a huje, sannan Baba zai matso ya nuna hujin ido da na hanci da na baki, ya bayyana yadda suke barin tururi ya fita lokacin gashi don kada yumɓun ya fashe. Daga nan mu gangara wajen gine-ginen gargajiya da ke harabar, ya tsayar da su ƙarƙashin bakan gizo, wato lanƙwasar ginin da ke riƙe rufi, na kwafin masallacin Juma'a na Zariya, ya sa su ɗaga kai. Da na tafi Jami'ar Ahmadu Bello karatun zane na samu sunaye da shekaru, amma riƙe baki a wurinsa na samo.

Kwanaki wata Hajiya ta zo cikin ayarin matan wata ƙungiya. Muka tsaya gaban wani babban zane da babu mutum ko dabba a ciki, shuɗi ne mai duhu da layuka farare. Ta ce, "Ke 'yar nan, wannan ai jikana ma zai yi." Na ce, "Hajiya, matso kusa, amma kada ki taɓa." Ta gyara tabarau ta matso. Sai ta ga ashe shuɗin ba shafi ɗaya ba ne, an shafa an bari ya bushe an sake shafawa, kuma layukan da wuƙa aka kankare su har na ƙasa ya leƙo. Ta daɗe tana duba. Can ta ce, "Wannan shuɗin irin na rinin Ƙofar Mata ne, wanda aka mayar rijiya sau da yawa." Wata ta bayanta ta ce layukan sun yi mata kama da aska a ƙirjin riga. Ban ƙara musu komai ba sai sunan mai zanen da garin da ya taso.

Abin da na dogara da shi ke nan a wannan sana'a. Mutanenmu ba baƙin zane ba ne. Wanda ya taso yana ganin dagi a goshin soro, da aska takwas, da zanen ƙwarya, da zayyanar allon sauka, da ƙunshin amarya, idonsa ya riga ya san layi da launi da daidaito, kuma duk waɗannan babu hoton fuska a cikinsu. Abin da ke hana shi sakewa shi ne sanyin zauren, da farin bango, da Turancin da aka liƙa a gefe. Shi ya sa nake ba su labarin ɗaliban Zariya na 1958, su Uche Okeke da Demas Nwoko da Bruce Onobrakpeya da Yusuf Grillo, waɗanda suka ƙi yarda su zana da idon malamansu Turawa kaɗai, suka ce sai sun haɗa da abin da suka gada a gida. Kuma nakan sa a lalubo takardar naira ashirin a juya bayanta. Ga Ladi Kwali nan tana ginin tukunya. A 1954 ta shiga makarantar tukwane ta Bature Michael Cardew a tsohuwar Abuja, wato Suleja ta yau, ta riƙe ginin hannu irin na Gbagyi da zanen ƙadangare da kunama da kifi, aka haɗa shi da gashin zamani mai ƙyalli. Tukwanenta sun shiga manyan gidajen tarihi na Ingila da Amurka, ga garinsu Kwali nan cikin yankin babban birnin. Da yawa suna kashe kuɗin nan shekara da shekaru ba su taɓa tambayar ko wace ce ba.

Abin da ke ci mini tuwo a ƙwarya shi ne 'yan buga-buga. Da zarar an buɗe ƙofa za ka gan su sun rataya kati a wuya, suna tare baƙi da rubu'in farashinmu. Ba su zo ranar kafi ba, ba su gaisa da mai zane ko ɗaya ba. Takardar gefen zane suke karantawa da ƙarfi, in ta ƙare su ƙirƙiro sauran. Da kunnena na ji wani yana gaya wa baƙi cewa wani sabon kan yumɓu, wanda mai shi ke tsaye a rumfar, wai na Nok ne na asali. Wannan ba ƙaramar ɓarna ba ce, domin kayan tarihi doka ta hana fitar da su ba tare da izinin hukumar gidajen tarihi ta ƙasa ba, kuma ƙarya irin wannan tana iya jefa mai zane da mai saye cikin rigima. Araha ba ta ado. Amma idan baƙo ya gane an yi masa ƙarya, dukanmu yake yi wa kuɗin goro.

Masu tayi ma suna nan. Mutum zai biya zaure da abinci da masu hoto bai ce uffan ba, in ya zo kanmu ya ce, "Haba Hajiya, ai magana ce kawai za ku yi."

Zaman tattaunawa ya fi zagaye wuya, don a nan kowa yana ganin kowa. Ba na ɗora sama da mutum huɗu a kan dandamali, kuma ina neman waɗanda ra'ayinsu ya saɓa: mai zane, mai saye, malamin jami'a, wani lokaci da magini ko maɗinki. Mai gabatarwa sai ya zauna da kowannensu tun kafin ranar. Gaisuwar manyan baƙi sau ɗaya ake yin ta, ni nake yi a farko da cikakken ladabi, ranka ya daɗe da ranki ya daɗe duk in sauke, don kada kowane mai magana ya cinye lokacinsa a kanta. Tafinta yana zama kusa da mai magana, ba a ƙuryar zaure ba. Na'urar magana kuwa tamu muka saya, bayan wani mai haya ya iso ana shirin tashi da makirufo ɗaya mai ƙugi, dattijon mai zane ya yi ta magana rabin zaure ba ya ji. Har yau in na tuna raina ɓaci yake. Yanzu da batir ɗinmu muke zuwa, ko an ɗauke wuta kafin janareto ya tashi magana ba ta yankewa.

Tambayoyi biyu ba sa taɓa rasa mai yin su in da Hausa ake zaman. Ta farko a kan zana abu mai rai. Ba na kaucewa, ba na kuma ba da fatawa, don ba fagena ba ne; in batun zai taso nakan gayyato malami ya zauna cikin masu magana. Nawa shi ne in nuna faɗin filin, in kawo misalin Ibrahim El-Salahi na Sudan, ɗan malamin makarantar allo a Omdurman, wanda ya gina zanensa a kan harafin Larabci, har gidan Tate Modern na Landan ya baje aikin rayuwarsa a 2013. Ta biyu daga iyaye take fitowa: zane yana ciyar da mutum? A nan ina son a faɗi gaskiya. An sayar da zanen Tutu na Ben Enwonwu, shahararren mai zanen Najeriya, fam miliyan 1.2 a Landan a 2018, amma matashin da ya gama Zariya bana yana fama da kuɗin fenti da na firam da kason gidan da ke sayar masa. Na fi son mai zane ya faɗi wannan da bakinsa, uba ya ji, ɗa ma ya ji.

Ina zuwa Legas a watan Nuwamba don baje kolin ART X, wanda Tokini Peterside ta fara a 2016, in ga yadda suke tsara zamansu da riƙe lokaci, kuma ina ƙaruwa ƙwarai. Sai dai abin da muke yi a nan, inda mai sayar da yadi daga Wuse zai ɗaga hannu ya ƙalubalanci farfesa da Hausa a kan launi, ban gan shi a ko'ina ba, kuma ina alfahari da shi.

A baje koli mai zuwa muna shirya zama tsakanin masu zanen bangon soro daga Zariya da matasa masu fenti a kan ƙyalle, kowa zai zo da kayan aikinsa a ajiye a tebur a gani. Safiyar ranar ƙarshe ta 'yan makaranta ce kyauta kamar kullum. Shugabannin makarantu su sanar da mu da sati biyu, kowane ayari ya zo da malami ɗaya, yara kuma su zo da fensir da takarda, biro ba ya shiga zauren.