Amfilifayar da na haɗa da cajar kwamfuta

Tsohuwar rediyon ɗakina ta mutu, amma sifikunta biyu masu om 4 (ma'aunin turjiyar sifika ga wuta) lafiyarsu ƙalau, sai na ga asara ce a bar su ƙura ta cinye. Na shiga Sabon Gari a Kano wajen masu kayan gyaran lantarki, na sayo ɗan allon amfilifaya, wato na'urar ƙara ƙarfin sauti, mai ɗauke da TPA3116D2 na kamfanin Texas Instruments, wanda girmansa bai wuce tafin hannu ba. Mai shagon ya ce, "Yallaɓai, wat 50 ne kowane ɓangare, sai maƙwabta sun kawo ƙararka."

Bai yi ƙarya ba, sharaɗin ne bai faɗa ba. Wannan wat 50 ɗin sai an ba allon wajen bolt 21 yake fitowa. Da na jona shi da batirin sola mai bolt 12, sauti ya fito tas, amma ina ƙara murya sai ganga, wato sauti mai kauri, ta fara kakkaryewa. Lissafin wat ɗin da allon zai iya bayarwa ba wuya: ka ninka bolt da kansa, ka raba da ninki biyu na om ɗin sifika. Wato 144 a raba 8, wat 18 ke nan, ko za ka kwana kana murɗa maɓalli. Sai na ɗauko cajar kwamfutar cinya mai bolt 19 da amfiya 4.74, nan take ɗakin ya cika. Tun daga ranar na daina kallon dubban wat ɗin da ake bugawa a jikin kwalayen rediyo.

Abin da ya fi burge ni rashin zafi. A da na taɓa haɗa amfilifaya da TDA2030, wanda in babu faffaɗan alminiyam a bayansa ba ya jure zafin watan Afrilu. Wannan kuwa ajin D ne, yana kunna wuta yana kashewa cikin tsananin sauri, shi ya sa kusan kashi 90 cikin ɗari na wutar ke tafiya sifika. Ka taɓa shi bayan ya yini yana aiki, ɗumi kawai za ka ji.

Da na ƙara masa na'urar Bluetooth sai wani zuuu ya shigo kamar sauro a kunne. Dalili shi ne su biyun suna shan wuta daga tushe ɗaya, dattin wutar na biyo wayar ƙasa ya shiga layin sauti. Na ware mata cajar waya tata daban, ƙarar ta ɗauke. Kada kuma a haɗa baƙaƙen wayoyin sifikun biyu wuri ɗaya, domin a irin wannan allo kowace tana ɗauke da wuta, haɗa su na iya ƙona shi.

Akwati shi ya fi cin lokaci. Sifika tsirara ba ta da ganga, saboda iskar bayanta tana zagayowa ta kashe ta gaba. Kafinta ya yanka min katako mai kauri, na like kowace kusurwa da gam, na cusa audugar tsohon matashi a ciki. Kafin in yi dalma sai na taɓa wayoyin kowace sifika da batirin tocila mai bolt 1.5: in takardar sifikar ta turo waje, wayar da ke gefen batirin mai alamar + ita ce ja. In ɗaya ta juye, tana turawa ɗayar na ja, gangar ta tsere ko da akwatin ya yi kyau.