Ranar da na karɓe makullin mota a hannun direbana

Yaron mota ne ya fara tsegunta min. Ya shigo ofis bayan la'asar yana ta kame-kame kamar mai neman rance, can dai ya ce "Alhaji ni fa gaskiya ina tsoron bin Baba hanyar Wudil." Na ce me ya faru, ya ce jiya saura kaɗan su afka wa mai Adaidaita a wajen Mariri, kuma wai akwai wata robar lemo da Baba yake ajiyewa ƙarƙashin kujera wadda ba ya bari kowa ya taɓa.

Ɗan ƙaramin gidan fiya wata gare ni a nan Kano, mota biyu ce ke fitar mana da kaya, kuma wannan dattijon da muke ce wa Baba shekararsa ta shida kenan yana ja min mota. Ya girme ni nesa ba kusa ba. Bai taɓa cin min ko sisi ba, in ka ba shi leda ɗari uku zai kawo maka kuɗin ɗari uku cif, shi ya sa maganar ta tsaya min a ƙirji, daren nan ban yi barcin kirki ba.

Da na zauna na yi tunani sai na ga ai ni ma na ga alamun shan giya na kawar da kai. Kusan wata biyu kenan yana makara, idonsa jajir da sassafe, kullum bakinsa da kanumfari ko alawar Tom Tom, ga turare yana fesawa kamar mai zuwa ɗaurin aure alhali ruwa zai kai shaguna. Amma alama ai ba hujja ba ce, kuma ni na taɓa ƙonewa a kan wannan. Shekarun baya akwai wani yaro mai aiki a kan injin da na gani yana tangaɗi, gumi na keto masa, magana na harɗewa, na daka masa tsawa a gaban kowa na ce ya sha wani abu, ashe ciwon suga ne da shi, ya sha magani bai karya ba sugan ya faɗi. Daga baya likita ya ce min haka abun yake, mai suga in sugansa ya yi ƙasa sosai sai ka rantse a buge yake, in kuma ya hau ya yi tsanani har bakinsa kan yi wani wari mai zaƙi-zaƙi da za ka iya ɗauka giya ce. Na ba yaron haƙuri ya ce ya yafe, amma har ya bar wajen sunan da abokan aikinsa suka laƙa masa bai fita ba. Har yau abun yana ci min rai.

Dan haka washegari ban yi hayaniya ba. Na riga kowa zuwa, da Baba ya iso aka fara lodi sai na kira ɗaya direban na ce yau kai za ka yi Wudil, Baba kuma ina son ganinsa. Wannan ɗin ban tsaya jiran hujja ba, kuma ko yau aka maimaita haka zan yi. Mota mai ɗauke da ruwa tan biyu ko uku in ta ƙwace ba birkin da zai tsayar da ita nan take, ga 'yan makaranta a bakin titi, ga yaron mutane a gefensa. In na zalunce shi da hana shi tuƙin yini ɗaya zan iya ba shi haƙuri in biya shi kuɗin ranar, ran da aka take wani fa, me zan ce wa uwarsa?

Na rufe ƙofa, daga ni sai shi. Ban ce masa kana shan giya ba. Na ce Baba, ga abun da na gani da idona, ranar kaza ka zo ƙarfe tara, ranar kaza kwastoma ya kira ni ya ce ka bugi rumfarsa da baya, shekaranjiya kuma ga abun da ya faru a hanya, lafiya kuwa? Ko akwai ciwon da kake ɓoye min? Ya ce lafiya lau, rashin barci ne kawai. Na ce to mu je asibiti tare yanzu ni zan biya, a duba suga a duba hawan jini. Sai ya yi shiru, shirun ya yi tsawo har na fara jin kunyar kallonsa, sannan ya cire hula ya ɗora a gwiwa ya ce "Alhaji ka rufa min asiri."

Giya ce, irin ta 'yar ledar nan da ake sayarwa a ɓoye a bakin tasha, yana juyewa a robar lemo. Ya ce tun bayan rasuwar matarsa ya fara, wai dan ya samu barci, da daddare kawai, a hankali ta kai in bai kurɓa da safe ba hannunsa rawa yake yi ba ya iya riƙe sitiyari. Wato a tunaninsa shan ne yake gyara masa tuƙin. Wallahi nan jikina ya yi sanyi.

Da na yi shawara da wani abokina ba tare da na kama suna ba, cewa ya yi me kake jira, ka kore shi kawai, ko ka kira 'yan Hisbah su ɗauke shi tunda laifi ne a Kano. Na san laifi ne, kuma ni ban ce giya ƙaramin abu ba ce. Amma mutumin nan shi ya buɗe min bakinsa a ɗaki a rufe, kuma mun sha ji a wajen malamai cewa wanda ya suturta musulmi Allah zai suturta shi, da labarin sahabin nan da aka sha kawowa saboda shan giya, wani ya tsine masa, Annabi (SAW) ya hana ya ce yana son Allah da Manzonsa. Ni abun da yake wuyana shi ne motata da ran mutane, wannan kuma na riga na karɓe makulli. Ita kuma korar, mutane suna ɗauka kawai ka ce tafi ne shikenan. A dokar ƙwadago ta Najeriya wanda ya yi maka aiki shekara biyar ko fiye notis ɗin wata guda ne haƙƙinsa, ko ka biya shi kuɗin watan, in kuma kana cewa babban laifi ya yi da ya cancanci kora nan take to sai ka iya nuna shi a gaban kotun ma'aikata, "yaron mota ya ce" ba zai tsaya maka ba. Kuma in na kore shi gobe zai je wani wajen ya karɓi wata motar, su ba su san komai ba.

Abun da muka yi, na rubuta takarda da Hausa na karanta masa ya sa hannu. Na mayar da shi kan lissafin lodi da kula da sito, albashinsa ya ɗan ragu saboda babu alawus ɗin hanya, ba zai taɓa mota ba sai na gamsu, kuma duk ranar da ya shigo min wajen aiki a wannan halin to mun rabu. Sauran ma'aikata cewa na yi Baba ba ya jin daɗin jikinsa, wanda kuma gaskiya ne. Yaron motar na ja masa kunne na ce maganar nan ta mutu a bakinka, na kuma gode masa, dan ba ƙaramin ƙarfin hali ya yi ba.

Inda muka sha daga shi ne zuwa asibiti. Shi so yake ya yi rantsuwa ya daina a rana ɗaya, ni ma da haka na ɗauka ya fi, sai likitan da na tambaya ya ce a'a, wanda jikinsa ya saba har yana karkarwa in ya yanke kai tsaye cikin kwana biyu zuwa uku zai iya yin jijjiga ko ya fara gane-gane, har rai ana rasawa, dole a sauke shi da magani a ƙarƙashin kulawa. Da na ambaci asibitin ƙwaƙwalwa na Dawanau sai ya miƙe tsaye ya ce shi ba mahaukaci ba ne. Sai da na kira babban ɗansa, da izininsa, muka taru a kansa kafin ya yarda ya ga likita.

Yau wata huɗu kenan. Sau ɗaya ya zame, kuma shi da kansa ya kira ni da asuba ya ce Alhaji yau ba zan zo ba, na gane me yake nufi, ban ce komai ba sai Allah ya sawwaƙe. Hannun ya daina rawa, ya ɗan yi ƙiba ma. Ranar Asabar da ta wuce ya tsaya a bakin ofis ya ce ko zan bar shi ya kai kaya nan kusa, Hotoro kawai. Na ce Baba mu bari sai bayan Sallah mu ji me likita zai ce. Ya ce to, ya koma sito. Makullin yana nan a durowata.