Canjin da ke kama ƙasa

Babu gwamnatin da ta taɓa shiga Gidan Sa Kashim Ibrahim, fadar gwamnatin Jihar Kaduna, ba tare da alkawarin sauya rayuwar jama'a ba, kuma kusan kowacce ta fita ta bar abin da za a nuna da yatsa, ko titi ko gada ko ginin makaranta. Amma idan ana maganar canji mai zurfi, wato irin wanda ke taɓa yadda mutane suke renon 'ya'yansu, da abin da suke yarda da shi, da yadda suke zama da maƙwabtansu, sai lissafin ya ragu ƙwarai. Abin da na fahimta daga tarihin wannan gari da na Arewa baki ɗaya shi ne, shugaba ba ya isa ga talaka da ƙafarsa. Yana isa gare shi ne ta hannun ƙananan ma'aikata, irin su malamin firamare da mai unguwa da ma'aikaciyar rigakafi, kuma gwargwadon yadda ya riƙe waɗannan mutane, da tsawon shekarun da aka yi ana riƙe da su, gwargwadon zurfin abin da zai bari.

Akwai dai canjin da alƙalami kaɗai ke iya yi. A 1979, da Alhaji Balarabe Musa ya zama gwamnan tsohuwar Jihar Kaduna a ƙarƙashin jam'iyyar PRP, ya soke haraji da jangali, kamar yadda Abubakar Rimi ya yi a Kano. Majalisar dokokin jihar, wadda jam'iyyar NPN ke da rinjaye a cikinta, ta hana shi naɗa kwamishinoni, daga bisani ta tsige shi a watan Yunin 1981, amma duk da haka manomi da makiyayi sun ga bambanci nan take, domin abin da ake buƙata kawai shi ne a daina karɓa. Hana abu yana da sauƙi idan mai hanawar ne ke riƙe da rasit. Wahalar tana wajen dasa sabuwar ɗabi'a. Gwamnatin Buhari da Idiagbon ta ƙaddamar da yaƙi da rashin ɗa'a a watan Maris na 1984, aka ga mutane suna bin layi a tasha da banki saboda soja na tsaye da bulala, amma da aka hamɓarar da gwamnatin a watan Agustan 1985, layin bai daɗe ba ya watse.

Idan aka ambaci Sardauna Ahmadu Bello, yawancinmu gine-gine muke lissafawa: Jami'ar Ahmadu Bello da gidan rediyo da talabijin na Kaduna, waɗanda aka buɗe a 1962, da Bankin Arewa, da jaridar New Nigerian wadda ta fara fitowa makonni biyu kafin a kashe shi ranar 15 ga Janairun 1966. A ganina babban aikinsa yana wajen mutanen da ya tara a cikin waɗannan gine-gine. Ya riƙe kujerar Firimiya daga 1954, wato bai cika shekara 12 ba, kuma ya same ta a lokacin da 'yan Arewa da ke manyan muƙaman aikin gwamnati ba su taka kara sun karya ba. Gwamnatinsa ta riƙa ɗebo malaman makaranta da ma'aikatan En'e tana kai su kwas a Kongo da ke Zariya da kuma Ingila, tana dawo da su ta ba su ofis, ga kuma azuzuwan Yaƙi da Jahilci a ƙauyuka inda magidanta ke koyon karatu da rubutu da yamma. Waɗannan mutane ne suka riƙe Arewa bayan rasuwarsa, har aka raba ta jihohi shida a 1967 ba tare da aikin gwamnati ya durƙushe ba.

Sai dai misalin da ya fi jan hankalina shi ne na Kakuri, unguwar masaƙu ta Kaduna, saboda canjin da aka samu a can ba shi ne aka rubuta a takardar shiri ba. Masaƙar KTL ta fara aiki a 1957, bayanta aka samu Nortex da UNTL da Arewa Textiles, har Kaduna ta zama cibiyar saƙa ta ƙasar nan. Manufar ita ce a sarrafa audugar Funtua da Gusau da Zariya a gida maimakon a loda ta a jirgin ƙasa zuwa teku. Amma duk wanda ya san Kakuri a lokacin da take Kakuri zai gaya maka abin da ke faruwa idan jiniya ta yi kuka a lokacin canjin aiki: kekuna sun cika titi, masu tuwo da masu shinkafa da wake sun jera a bakin ƙofa suna ba da bashi zuwa ƙarshen wata, Bahaushe da Bajju da Atyap da Tibi da Idoma da Bayarabe suna fitowa ta ƙofa ɗaya da ƙurar auduga a gashinsu. Suna haya a gida ɗaya a Makera ko Nasarawa, suna adashi tare, kuma idan za a yi yajin aiki, babu mai tambayar addinin wanda ke tsaye kusa da shi. Hedikwatar ƙungiyar ma'aikatan masaƙu ta ƙasa a nan Kaduna take, kuma daga Arewa Textiles Adams Oshiomhole ya fara harkar ƙwadago. Babu wanda ya yi wa waɗannan mutane lacca kan haɗin kai. Albashi ɗaya da agogo ɗaya ne suka haɗa su, kullum, na tsawon shekaru.

Daga tsakiyar shekarun 1980 abubuwa suka fara lalacewa: karyewar darajar naira bayan tsarin tsuke bakin aljihu na 1986, ƙarancin wutar lantarki, tsadar baƙin mai, tsufan injuna, da kwararowar atamfa ta fasa-ƙwauri. KTL, wadda jihohin Arewa 19 suka mallaka tare, ta rufe a 2002, kuma mai iyaye 19 bai sami ko ɗaya da zai tsaya masa ba. UNTL ta rufe a 2007. Ba na cewa mutuwar masaƙu ce ta haifar da rikicin shari'a na 2000 ko rikicin Nuwamban 2002, domin an yi na Kafanchan a 1987 da na Zangon Kataf a 1992 alhali injuna na juyawa. Abin da nake cewa shi ne, a daidai lokacin da garin ya rabu biyu, Musulmi suka tattara zuwa arewacin kogi, Kirista suka koma kudu, wurin da ya fi kowane tilasta musu haɗuwa shi ma ya rufe ƙofa. Shugabannin addini 22 sun sa hannu a yarjejeniyar zaman lafiya ta Kaduna a watan Agustan 2002, gwamnatin Ahmed Makarfi ta ƙirƙiro masarautu a kudancin jihar ta kuma tsara kotunan shari'a da na gargajiya gefe da gefe, kuma Imam Muhammad Ashafa da Fasto James Wuye sun yi shekaru suna aikin sulhu. Duk wannan ya taimaka wajen kwantar da wuta. Amma wanda ya sayar da gidansa ya tsallaka gada bai dawo ba, kuma yau akwai samari da suka girma a Rigasa ko Sabon Tasha ba su taɓa zama aji ɗaya da wanda ba addininsu ɗaya ba.

Wanda ke son ganin yadda babbar hukuma ke koyon darasi bayan ta yi tuntuɓe, ya dubi yaƙi da cutar shan inna. A 2003 jihohin Kano da Zamfara da Kaduna suka dakatar da rigakafin saboda jita-jitar cewa an gauraya shi da abin hana haihuwa. Mutanen waje sun kira abin jahilci, amma jama'a na da hujjarsu, ko da kuwa zargin bai tabbata ba. Ba a manta da gwajin maganin Trovan da kamfanin Pfizer ya yi wa yara a Kano lokacin annobar sanƙarau ta 1996 ba. Ga kuma tambayar da magidanta ke yi a ƙofar gida, wadda babu amsarta a littafin horar da ma'aikata: yaya aka yi idan yaro na fama da zazzaɓin cizon sauro ko ƙyanda sai ka sayi magani da kuɗinka, amma wannan ɗigon ana bin ka da shi har ɗaki kyauta? Kano ba ta koma ba sai a tsakiyar 2004, bayan an kawo maganin daga Indonesiya, kuma kafin nan cutar ta bazu daga Najeriya zuwa ƙasashe da dama da suka riga suka rabu da ita.

Hukumar Lafiya ta Duniya da UNICEF da Rotary da gwamnatin tarayya suna da kuɗi da magani da motoci, abin da ba su da shi shi ne yardar mai gida. Sai suka je wurin masu ita. A 2009 aka kafa kwamitin sarakunan Arewa kan kiwon lafiya a matakin farko bisa jagorancin Mai Alfarma Sarkin Musulmi Muhammad Sa'ad Abubakar, umarni ya riƙa sauka daga sarki zuwa hakimi, zuwa dagaci, zuwa mai unguwa. Aka ɗauki mata 'yan unguwa, waɗanda za su iya shiga gidan da aka rubuta "ba a shiga" a ƙofarsa. Kowa a Tudun Wada ko Unguwar Sanusi ya san su: mata biyu ko uku cikin hijabi, ɗaya na rataye da akwatin ƙanƙara, ɗaya na riƙe da takarda, a ɗiga wa yaro ɗigo biyu a baki, a shafa masa tawada a farcen ƙaramin yatsa, a yi rubutu da alli a bango don mai dubawa ya san an zo. Gidan da aka ƙi, ba a kiran ɗan sanda tukuna. Mai unguwa ne zai zo da yamma ya yi sallama, ya ce, "Malam, ai ni ma an ba jikokina ɗazu," wani lokaci tare da liman. Waɗanda cutar ta naƙasa su ma sun shiga gangamin a kan kekunansu, kuma ganinsu ya fi kowace sanarwar rediyo tasiri. Daga baya aka ƙara da wuraren duba marasa lafiya na wucin gadi a lokacin zagayen, inda ake ba da maganin zazzaɓi da na gudawa, wato dai an amsa tambayar nan ta ƙofar gida da aiki.

Kada a ɗauka lallami kaɗai ya yi aikin. A 2012, shekarar da Najeriya ke da fiye da rabin masu cutar a duniya, aka kafa cibiyar ayyukan gaggawa, aka riƙa bin diddigin kowace mazaɓa, ana tuhumar shugabannin ƙananan hukumomi, ana sallamar ma'aikatan da ke cike takarda a gindin bishiya. An kuma biya da rayuka, domin a watan Fabrairun 2013 an harbe ma'aikatan rigakafi tara a Kano. An ga mai cutar na ƙarshe a Borno a 2016, kuma ranar 25 ga Agustan 2020 aka ayyana Afirka ta rabu da ainihin ƙwayar cutar, ko da yake har yanzu ana zagaye saboda wani nau'inta da ke ɓulla inda rigakafi ya yi ƙaranci. Daga 2003 zuwa 2020 shugabannin ƙasa huɗu aka yi, daga jam'iyyu biyu, kuma babu wanda ya ce aikin na wanda ya gabace shi ne don haka ya watsar.

A harkar ilimi kuwa akasin haka muka yi ta gani. Shirin ilimin firamare kyauta na 1976 ya cika azuzuwa da yara fiye da yadda aka yi hasashe, aka shiga horar da malamai a gurguje, kuma don cike wannan giɓi aka kafa Cibiyar Malamai ta Ƙasa a nan Kaduna. Bayan shekara 41, a 2017, gwamnatin Nasir El-Rufai ta yi wa malaman firamare kimanin 33,000 jarrabawa, ta ce 21,780 sun faɗi, ta sallame su. An yi ta muhawara kan adalcin matakin, kuma ina ganin kowane ɓangare na da abin faɗa. Amma sallama aikin alƙalami ce, irin ta soke jangali. Samar da malamin da ya iya koyarwa, wanda zai yarda ya zauna a ƙauyen Birnin Gwari ko Kauru, yana samun albashinsa a kan kari da mai duba aikinsa, wannan ba ya ƙarewa a wa'adin gwamna ɗaya.

Haka batun almajirai. Gwamnatin Goodluck Jonathan ta gina makarantun tsangaya na zamani fiye da 150, aka buɗe ta farko a Gagi da ke Sakkwato a 2012, aka miƙa wa jihohi, da yawansu suka zama kufai saboda ba a tanadi kuɗin abinci da na malamai ba, kuma alarammomin da yaran ke hannunsu an mayar da su 'yan kallo. A 2020, lokacin annobar korona, gwamnonin Arewa suka loda yaran a motoci kowa ya koma jiharsa, bayan 'yan watanni suka dawo kan titi da robobinsu. Uban da ke kai ɗansa tsangaya yana yin haka ne don ya yarda da malamin, kuma sau da yawa don makarantar bokon ƙauyensu ba ta da abin da za ta nuna masa. A 2023 an kafa hukumar tarayya mai kula da almajirai da yaran da ba sa zuwa makaranta. Abin da zan duba a aikinta shi ne ko alaramma yana cikin masu tsara shirin tun daga farko, ko sunansa na cikin takardar biyan alawus, ko mai unguwa na da rajistar yaran da ke kwana a soron unguwarsa, da kuma ko kuɗin abincin yaran zai ci gaba da fitowa a kasafin shekara ta biyar, lokacin da gwamnan da ya yanke ƙyallen buɗewa ya riga ya sauka.