Kwatano ko Lome: inda kuɗin hutun kwana biyar ya fi auki

Kwana biyar gare ni, kuɗin kuma a ƙirge suke, don haka sai na zaɓi ɗaya tsakanin Benin da Togo. Na je duka biyun a tafiye-tafiye daban, ta hanyar Legas, kuma abin da na gane shi ne ba farashin ɗaki ko na abinci ke raba su ba. Sefa ɗaya suke kashewa, Faransanci suke yi, kuma ɗan Najeriya ba ya buƙatar biza saboda ECOWAS, har kwana 90. Bambancin yana kan hanya.

Benin iyaka ɗaya ce, Seme-Krake. Togo kuwa sai ka ratsa Benin, ka sake tsayawa a Hilakonji, sannan ka shiga. Daga Kwatano zuwa Lome kusan kilomita 150 ne, amma daga Legas zuwa da dawowa iyaka huɗu ka tsallaka ke nan, kowace da layinta da sauya mota. A hutun kwana biyar, wuni biyu sun tafi a hanya. Shi ya sa na fara da Benin.

Abin da ya ƙara mata daraja a wurina shi ne wuraren gani suna kusa da juna. Ɗaki ɗaya na kama a Kwatano, kusa da unguwar Zongo, ban sake ɗaukar jaka ba. A nan ga masallaci, ga abincin da hankali ya kwanta da shi, ga masu canji da ke jin Hausa. Ganbiye, garin da aka gina kan turaku a tafkin Nokuwe, daga Abome-Kalabi ake shiga kwalekwale. Kuɗin jirgin kan ragu idan kun taru, don haka ka je da safe ka haɗu da wasu, kada ka ɗauki shata kai kaɗai. Garin Wida yana da nisan kilomita 40 daga Kwatano, kuma hanyar da aka bi da bayi zuwa bakin teku, inda Ƙofar Ba Dawowa take, kilomita 4 ce. Ka taka ta kafin rana ta ɗaga. Porto-Novo ma zuwa da dawowa ne a wuni ɗaya.

Togo ta fi natsuwa, wannan gaskiya ne. Lome ba ta da hayaƙin babura irin na Kwatano, kuma Kpalime, kilomita 120 daga Lome, tana da duwatsu da gonakin koko da sanyi mai daɗi, ga dutsen Agu mai tsayin mita 986. Sai dai can dole ka kwana, ka biya ɗan jagora da babur zuwa magangarar ruwa. Wanda ke da kwana takwas ko fiye, ko wanda ya taso daga Gana ta Aflawo, Togo ce tasa. Ka tuna agogon Togo yana bayan na Najeriya da awa ɗaya, ka gyara kafin ka yi alƙawari da direba.

Inda kuɗi ke zurarewa kuwa, na farko katin rigakafin shawara ne, mai launin ɗorawa. Ka yi shi tun a gida, domin rashinsa a iyaka ɓata lokaci ne da asarar kuɗi. Na biyu hatimi. Akwai samarin da ke tarar matafiyi su ce kawo fasfo mu buga maka, ko mu zagaya da kai a babur. Kada ka miƙa. Ka je da kanka, ka buɗe shafin ka ga hatimin fita da na shiga, don ranar komawa za a nema.

Canji ma da tarkonsa. A iyaka ka canza abin da zai kai ka gari kawai, sauran a Zongo bayan ka tambayi mutum biyu ko uku. Wasu 'yan canjin da lissafin dala suke magana, dala ɗaya sefa 5, jaka ɗaya sefa 1,000. Idan aka ce dala ɗari, 500 ake nufi. Ka nemi 'yan 500 da 1,000 da sulalla masu yawa, domin mai babur, wanda suke kira zemijan, ba ya da canjin 10,000, kuma a yi ciniki kafin ka hau.

Daga Afrilu zuwa Yuli damina ce mai ƙarfi, titunan Kwatano kan cika da ruwa. Disamba da Janairu sun fi. Teku kuwa, a Gran-Popo ta Benin ko a Lome, igiyarsa tana janye mutum ta ƙasa ko da ya iya ruwa. Ni iyakata idon sawu.