Tambarin rubutu da wanda ya iya riƙe shi

Shekara takwas ke nan ina aiki a wata 'yar maɗaba'a kusa da Sabon Gari, muna buga littattafan makaranta da na addini. A da, in marubuci ya dawo bayan shekara biyar yana son bugu na biyu, sai mu buɗe fayil mu tarar ƙ da ɗ da ɓ sun rikiɗe sun koma wasu alamomi, domin salon haruffan da aka yi aikin da shi ya tafi da tsohuwar kwamfuta. Haka za a sake bugawa daga farko, a sake biyan kuɗi.

Wani matashi da ya gama Jami'ar Bayero ne ya kawo mana XML, wata hanyar yi wa kowane yanki na rubutu tambari a kwamfuta. Ya hana mu cewa "a ƙara wa layin nan girma". Sai dai mu ce wannan kan babi ne, wannan aya ce, wannan fassararta, kowane yanki da tambarinsa. Dabarar ba sabuwa ba ce: ƙungiyar W3C mai tsara ƙa'idojin shafukan intanet ta fitar da XML a 1998, daga wani tsohon tsari irinsa, SGML, wanda aka daidaita tun 1986. Haruffanmu masu lanƙwasa kuma suka zauna daram a Unicode, tsarin da ya ba kowane harafi lambarsa ta dindindin. Daga fayil ɗaya muke fitar da na takarda da EPUB na waya, kuma in an gyara kuskure wuri ɗaya ya gyaru ko'ina. Nan ribar take, wallahi na gan ta da idona.

Sai matashin ya sami aiki a Legas.

Shi kaɗai ya iya XSLT, umarnin da ke juya fayilolin su zama littafi. Wata huɗu muna cigiya. Masu gyaran waya sun cika Farm Centre, masu gina shafin intanet ma ba a rasa su, amma mai haƙurin karanta tsarin da wani ya bari, shi ne ya yi wuya. Na ce wa maigida, "Alhaji, mun sayi injin, mun manta da bakanike." Har yau abin na ci mini rai, don da mun zaunar da mutum biyu a gefensa tun yana nan, da ba mu shiga wannan halin ba.

Yanzu mun ɗauki wata yarinya mai natsuwa, kuma an ware mata albashin da ya dace. Kowace Asabar bayan Azahar muna zama ni da ita, muna bin umarnin layi-layi, tana rubuta bayaninsa da Hausa a ƙasan kowanne.