Furen sabara a ƙarƙashin gilashi

Abin da muke kira furen sabara ba fure ɗaya ba ne. Na tsinko shi a wata saura a gefen Talata Mafara bayan ɗaukewar ruwa, na baje a farar takarda, sai ga shi curi ne na ƙananan furanni a kan tsinke guda, faɗinsa kamar santimita ɗaya da rabi, fari-fari mai sirkin rawaya. Marke ma haka yake cure nasa, dangi ɗaya ne su da geza.

Sabuwar reza, allura da gilashin ƙara girma mai ninki 10 sun isa aikin. Kafin curin ya buɗe, wasu ƙananan ganye huɗu ne ke rufe da shi, daga baya su lanƙwashe baya. Da bakin allura na ciro fure ɗaya. Yana da ɗan ƙoƙo mai haƙora 5, da siraran fatu 5, wato ƙananan ganyen furen, sai zaren namiji 10 a jeri biyu waɗanda suka zarce fatun tsawo. Su ne ke sa curin ya yi buzu-buzu. A tsakiya akwai zare guda, na mace.

Ƙirgen farko zaren namiji takwas na samu, wani furen ma bakwai. Da azahar na tsinko, iskar hunturu ta riga ta kakkaɓe kawunan zaren. Yanzu da sassafe nake zuwa, in zaɓi wanda bai gama buɗewa ba, in sa a leda tare da jiƙaƙƙen tsumma.

Mahaifar furen, wato inda iri ke samuwa, ta fi ba da wahala. A ƙarƙashin ƙoƙon take, siririya mai gashi, har na ɗauka tsinken fure ce na yi ta gutsure ta ina zubarwa. A tsaye ake tsaga ta, kuma tsohuwar reza murje ta kawai take yi. Ɗaki ɗaya ne a ciki. Ita ce ke miƙewa ta zama ɗa mai tsawon santimita 3 zuwa 4, lulluɓe da gashi mai laushi, curin ya koma kamar ƙafafun gizo-gizo.

Baƙaƙen ɗigon da ke jikin furen kuwa na sha gogewa, a zatona ƙwan ƙwaro ne. Ba sa fita. Halittar sabarar ce, a juya ganyenta ma za a gan su.