Gwiwar ɗan autana

Yau da safe a Aboabo ina canja wa ɗan autana bandeji, sai na ga bakin ciwon ya yi ja-ja, sabuwar fata tana matsowa ta kowane gefe. 'Yar yayata da ke karatu a jami'ar KNUST ta Kumasi ta ce, "Kawu, zo ka ga abin da ke faruwa a wurin." Ta buɗe min bidiyo a wayarta: ƙwayoyin halitta shimfiɗe a faranti, an karce tsakiyarsu. Wallahi sau huɗu na sa ta maimaita. Na gaba suna miƙa wasu 'yan ƙafafu masu faɗi cikin filin, na baya kuma suna manne da su da wani sinadari mai suna kadherin. Ta ce har na sahun can baya ma suna ja da ƙarfinsu, kuma in mannewar ta yi rauni, kowace sai ta kama gabanta.

Inda ya fi taɓa ni shi ne da ɓangarorin biyu suka haɗu. Suna taɓa juna, sai suka daina kutsawa. Tun shekarun 1950 wani masanin kimiyya mai suna Michael Abercrombie ya lura da haka a ƙwayoyin zuciyar ɗan tsako, kuma da yawa daga ƙwayoyin ciwon daji ba sa tsayawa irin wannan. Yaron dai ya fice ƙwallo abinsa. Ni kam har yanzu gwiwar nan nake tunani, ashe ko yana barci aikin bai tsaya ba.